Abin da Bobbo Ya Ce a Bakin Ƙofa

Talata, 2 ga Agusta 1994, da hantsi

Tuwon jiya na nan a rufe yadda na ajiye shi. Na ɗumama, na kasa ci, na zuba wa kajin Indo maƙwabciyata.

Mijina, Baban Lucia, bai kwana a gida ba. Iyakar abin da hannuna ya yarda ya rubuta ke nan. Tanko, abokin sana'arsa, ya zo da sassafe ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce, "Malama, sun ce 'yan tambayoyi kawai za su yi masa." Na ce su wa? Sai ya dubi titi. Ya ce ba kaki a jikinsu, motar kuma ba lamba. Sun tafi da shi, sun haɗa da kaset ɗin da ke cikin bidiyo. Takalminsa ƙafa ɗaya Tanko ya miƙo mini, wai a ƙarƙashin benci ya tsinta.

Na share rumfar kallon bidiyo da ke jikin katangarmu, na jera bencina kamar kullum. Ban san don wa ba.

Laraba, 3 ga Agusta, bayan la'asar

Makaranta a rufe, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, ba ni da yaran da zan yi wa tsawa in huce. Bari in rubuta, ko kaina zai yi sauƙi.

Ilisha, wato Baban Lucia, bai san ko "sannu" da yaren Caina ba. Duk Ikara an san haka, kuma duk Ikara ana zuwa a saurare shi. Tanko ke da janareto da bidiyo, shi ke ɗauko kasa-kasai daga Sabon Garin Zariya. Mijina bakinsa ne jarinsa. Yakan tsaya gefen talabijin da guntun kara a hannu, mutanen ciki su yi maganarsu, shi kuma ya faɗa wa jama'a abin da suka ce. Na taɓa tambayarsa yadda yake yi. Ya ce, "Ido nake karantawa, da hannu. Baki ai kowa na ƙarya da shi."

Wannan fim ɗin da suke kallo tun farkon damina ba irin na duka da tsalle a kan rufi ba ne. Dogon labari ne na zamanin sarakunansu, kwali guda na kasa-kasai. Sunayensu ba mai iya faɗa, sai Ilisha ya raɗa musu nasa. Saurayin mai takobi Bobbo. 'Yar mai maganin gargajiya Mairo. Akwai kuma Sarkin Yaƙi mai gemu kamar na bunsuru, wanda ya ƙwace gadon sarauta.

Ran Asabar Sarkin Yaƙin ya tara jama'a ya yi dogon jawabi. Ilisha ya ce, "Ya ce riƙo kawai yake yi, zai miƙa mulki ran da jaki ya yi ƙaho." Rumfa ta ɗauki dariya har da buga benci. Ni ma na yi dariya daga bayan katanga, ina wanke-wanke.

Ba zan sake rubuta maganar nan ba.

Juma'a, 5 ga Agusta, da azahar

Bai dawo ba. Na ajiye masa tuwo.

Lahadi, 7 ga Agusta, bayan an taso daga majami'a

Fasto ya sa an yi mana addu'a, bai ambaci suna ba, ya ce "wani ɗan'uwa da ya yi tafiya." Tafiya da takalmi ƙafa ɗaya.

A bakin ƙofa wata daga cikin 'yan zumuntar mata ta riƙe hannuna da fuskar tausayi, ta ce ai baki shi ke yanka wuya. Na dube ta. Mijinta ne ke zama a bencin gaba, shi ne kuma mai buga bencin. Na zare hannuna na wuce, don ranar Ubangiji ce.

Ban aika wa Lucia a makarantarsu ta jinya ba. In gaya mata me?

Laraba, 10 ga Agusta, da yamma

Na je Makarfi. An ce akwai ofishin da ake fara kai mutane. Ba man fetur, ba mota, a bayan motar 'yan kasuwa na tafi, a kan buhun barkono, ina atishawa har muka isa. Na zauna a dakalin ofishin da kwanon abinci a cinya har inuwa ta juya. Daga ƙarshe wani ya leƙo ya ce, "Madam, ba mu da mai wannan suna. Ki gwada Kudan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dogo ne, mai yawan magana."

Ya ce, "A nan ba mai yawan magana."

Abincin ya yi tsami kafin in iso gida. Kajin Indo ne kawai ke ƙiba a unguwar nan.

Alhamis, 11 ga Agusta, da hantsi

Kowa ya shigo sai ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Da wane itace? Kananzir ma sai an yi layi.

Asabar, 13 ga Agusta, da yamma

Indo ta leƙo ta kan katanga. Mun daɗe muna gaisawa, ta tambayi gida, ta tambayi Lucia, ta tambayi ruwa, ta kewaye sunansa kamar mai kewaye kwata. Can sai ta ce, "Maman Lucia, ba don wani abu ba. Mairo fa?"

Na kusa yi mata faɗa. Sai kuma na tuna ni na koya musu. Su Indo ba sa zuwa rumfa, wurin maza ne. Ni ke jin abin da Ilisha ya faɗa ta bayan katanga, da yake a gidanmu bidiyon da kasa-kasan ke kwana, in an kawo wuta da rana in kira su ɗakina, in sa kaset ɗin jiya, in maimaita musu. Haka muke yi tun farkon damina, su huɗu ko biyar, kowa da goyonta da tsintar wakenta.

Na ce mata wanda za mu ci gaba da shi sun tafi da shi, na gabansa kuma ban ji fassararsa ba. Ta ce, "To a maido na baya mana. Zaman shirun nan zai kashe ki."

An kawo wuta wajen la'asar. Na sa na farko-farko.

Na manta yadda na tsani yarinyar nan a da. Mairo ta farko 'yar gata ce, baiwa ke taje mata kai, ta watsa wa Bobbo ruwan shayi don ya taka mata gefen riga. Shi ma ba gwaninta ba, mashayi ne, mai cika baki, takobin ma jingina yake bayarwa. Indo ta ce, "Wallahi da ɗana ne ya kawo wannan, da kaina zan kore ta." Ta manta kwanakin baya kuka take yi mata.

Ba mu ankara da ranar da Bobbo da Mairo suka canja ba. Ba wanda ya yi musu wa'azi. Wahala ce ta yi ta goge su a hankali, kamar yadda igiya ke cin bakin rijiya.

Litinin, 15 ga Agusta, da yamma

Kudan. Ba ya can. An ce in gwada Zariya.

A hanya gonakin rake sun yi kore shar, har abin ya ba ni haushi. Duniya na ta harkarta.

Laraba, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Yau mun kai wurin da aka sari Bobbo a kafaɗa, aka ɓoye shi a gidan mai magani. Mairo, wadda ba ta taɓa hura wuta ba, ta dafa masa magani, ta ƙona shi ƙurmus. Ina maimaita wa su Indo abin da na ji Ilisha ya faɗa a rumfa, ban ko yi tunani ba. Na ce, "Ta ce ba laifinta ba ne, itacen ne ɗanye." Bobbo ya karɓi kwanon da hannu biyu ya shanye. Na ce, "Shi kuma ya ce a ransa, ko gawayi yarinyar nan ta ba ni, zan ci in gode."

Sai na tuna.

Makon farko na aurenmu, a Furana, a gidan iyayensa, na ƙona tuwo har ƙaurin ya kai maƙwabta. Ni 'yar makarantar kwana, me na sani? Na ce masa itacen ne ɗanye. Itacen kuwa ya bushe ƙayau. Ya zauna ya cinye tuwon nan tas, bai ce uffan ba. Ni kuma tun daga ranar nake ɗauka haushi ne ya hana shi magana.

Na mayar da kaset ɗin baya na sake kallo. Bobbo bai ma buɗe baki ba a wurin. Kallonta kawai ya yi.

Mutumin nan tun kafin a haifi Lucia bai taɓa gaya mini magana mai daɗi ido da ido ba. Da ni, sai "akwai ruwan wanka?" sai "ina kika sa tocila?" Ashe yana can yana faɗa wa 'yan acaɓa da masu faci da 'yan dakon tumatir, a bakin wani ɗan Caina mai dogon gashi. Duk Ikara ta ji, ni da aka yi domina ina wanke tukunya.

Na ji haushinsa, na ji kewarsa, ban san wanne ya fi ba. Na ce wa su Indo kaina ke ciwo.

Juma'a, 19 ga Agusta, da azahar

Bai dawo ba. Na ajiye masa tuwo.

Litinin, 22 ga Agusta, da yamma

Zariya. Ba zan rubuta ba. Ƙofa uku, amsa ɗaya. Ban biya wurin Lucia ba, don da ta ga fuskata ta gama sani.

Tanko ya rako ni tasha, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Ya ce maza sun daina zuwa rumfa, ko ya tada janareto ba mai zama. Ya gwada sa na duka da tsalle, aka ce ba daɗi ba bakin Ilisha. Wasu kuma tsoro ne, bai faɗa ba amma na gane.

Alhamis, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Na baya sun ƙare. Indo ta ce in sa sabo. Na ce ban ji fassararsa ba. Ta ce, "Shi ɗin a ina ya ji?"

Na sa. Ashe aikin nan ba wasa ba ne. Mutum ya ɗaga gira, kafin ki yanke abin da ya ce, wani ya amsa masa. Na yi ta tuntuɓe, na aurar da wata ga ƙaninta, sai da Indo ta gyara mini. Amma mun gane abin da ya faru a kaset ɗin da muka rasa. Sarkin Yaƙi ya sa an kama Bobbo, an sa masa katako a wuya, an kora shi can wata ƙasa mai duwatsu. Uban Mairo ya mutu. Ta cire kayan adon kanta ta sayar, ta buɗe shagon maganin da kanta. Yanzu ita ke faskare.

Indo ta ce, "Ni abin da ke ba ni mamaki, duk tsawon nan ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Wannan kunya ai ta fi ta Fulani. Amma in ta zuba masa shayi sai ki ji kamar ki kau da kai."

Gaskiyarta. Ni ma nakan kau da kai.

Asabar, 27 ga Agusta, bayan magariba

Akwai wurin da Mairo ta rufe shago, ta zauna ita kaɗai a gaban kwano biyu, ta yi magana a hankali tana kallon wanda ba kowa a gabansa. Na ce, "Ta ce ta gaji. Ta ce ƙafafunta sun kumbura da yawon ofis-ofis. Ta ce wa ya aike ka, kai ba sarki ba, ba ɗan sarki ba? Ta ce in ka dawo sai ta fasa maka kai da tukunya, sannan ta ɗaure maka."

Matan suka yi dariya, sai kuma dariyar ta mutu. Indo ta ajiye faifan wakenta ta ce, "Maman Lucia, a Caina akwai ofis?"

Na kashe bidiyon. Ba wadda ta ce in kunna. Indo ta zauna tare da ni har aka kira magariba, ta ƙarasa tsince mini shinkafa.

Talata, 30 ga Agusta, da hantsi

Saura kaset ɗaya a kwali, na ƙarshe. Na naɗe shi a zane na sa a ƙasan akwati. Na gaya wa su Indo wannan ba zan taɓa ba sai mai shi ya zo. Ina tsoron abin da ke ciki. In Bobbo bai dawo ba, ba na son in sani.

Alhamis, 1 ga Satumba, da azahar

Bai dawo ba.

Litinin, 5 ga Satumba, bayan azahar

Ya dawo.

Ina shanya a tsakar gida na ga mutum tsaye a bakin ƙofa, an aske masa kai ƙwal, riga ta yi masa yawa, ba takalmi. Na ce, "Sannu, wa ake nema?" Allah ya yafe mini, haka na ce.

Bai shigo ba sai da na kamo hannun rigarsa. Na kai masa ruwan wanka, na ɗora tukunya. Ban fasa masa kai ba.

Laraba, 7 ga Satumba, da yamma

Gida ya cika da 'yan barka. Mijin Indo ya kawo rake, Fasto ya zo, Tanko ya durƙusa yana kuka. Ilisha, wanda in ya fara gaisuwa sai ka nemi wurin zama, wanda ke tambayar lafiyar akuyarka da sunanta, yau kowa ya gaishe shi sai ya ce "lafiya," ya mai da ido ƙasa. Dattawan unguwa ma haka ya yi musu. Sun yi kamar ba su lura ba.

Ya ci loma biyu ya ture kwanon. Hannunsa na hagu kullum a cikin riga. Ban tambaya ba.

Asabar, 10 ga Satumba, da hantsi

In mota ta tsaya a titi sai ya miƙe tsaye, ya tsaya cak har ta wuce.

Na kawo masa takalminsa ƙafa ɗayan nan, na ce ko zai yi dariya. Ya karɓa ya ajiye a gefe.

Talata, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Da can ina roƙon Allah ya dawo mini da shi, ban faɗi a wane hali ba. Ga shi a baranda daga safe zuwa yamma, yana kallon katanga. Na yi masa hira, na ba shi labarin barkonon Makarfi, na ba shi labarin yadda na aurar da yarinya ga ƙaninta. Ya ce, "To."

Na gaji fiye da lokacin da ba ya nan. Wancan lokacin akwai ƙofar da zan je in buga. Ina tsoron sun riƙe mijina sun sako mini rigarsa, kuma ba wanda zan iya gaya wa haka, don kowa barka yake yi mini.

Asabar, 17 ga Satumba, da yamma

Dole in rubuta wannan kafin in manta yadda aka yi.

An kawo wuta bayan azahar, ana yayyafi. Indo ta shigo ita kaɗai da faifan wakenta, ta gaida shi a baranda, ya ce "lafiya." Ta shigo ɗaki ta ce mini a hankali, "Mai shi ya zo. Ciro." Na ce ba ya ko kallon talabijin. Ta ce, "Ba shi za a sa wa ba, ni za a sa wa. Ki bar ƙofa a buɗe."

Na ɗora tuwo a wuta, na ciro kaset ɗin daga akwati. Na yi ta fassara yadda na iya. Sarkin Yaƙi ya faɗi, ban ce komai a kansa ba, na bar shi ya faɗi da yarensu. Can sai ga shagon magani, ga Mairo tana daka. Sai ga mutum a bakin ƙofa, gashi ya yi furfura, yana ɗingishi. Bobbo. Ya tsaya bai shiga ba. Ya yi magana mai ɗan tsawo, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ya ce, Mairo, ga ni na dawo. Na yi nasara a kan maƙiyana. Komai ya wuce, yanzu sai murna."

Daga baranda aka ce, "Ba haka ya ce ba."

Ni da Indo ba wadda ta juya. Muryar ta dushe, amma tasa ce.

Ya ce, "Mayar baya."

Na mayar. Na ji motsinsa, ya matso ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, bai shigo ba.

Ya ce, "Dubi hannunsa. Ya ɓoye a baya. Wanda ya yi nasara ba ya ɓoye hannu." Da Bobbo ya fara magana, sai ya bi shi a hankali. "Ya ce, wanda kika jira ba shi aka sako ba. Ya ce in ya ji ƙarar doki gabansa faɗuwa yake yi. Ya ce akwai abin da ba zai iya gaya miki ba, ko bana, ko baɗi. Ya ce bai sani ba ko zai ƙara ba wani dariya. Ya ce in kin ga ba za ki iya da wannan ba, ba zai ga laifinki ba."

Indo ta ja mayafi ta rufe fuska.

A talabijin Mairo ta ajiye taɓarya, ta faɗi wata gajeriyar magana. Na jira ya fassara. Bai fassara ba. Da na juya, ba talabijin yake kallo ba.

Ya ce, "Ita kuma me ta ce?"

A daidai nan ƙaurin ya iso mana daga madafa. Na manta da tukunya sam.

Na ce, "Ta ce ya shigo. Ta ce abincin ya ƙone, amma akwai."

Ya daɗe yana kallona. Sai gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce, "Itacen ne ɗanye."

Ya shigo ya zauna, na kawo masa tuwon. An ɗauke wuta kafin mu ga ƙarshen, har yanzu ban san yadda suka ƙare ba. Indo ta fita ba sallama, ta manta faifanta.

Lahadi, 18 ga Satumba, da safe

Kajin Indo sun zo bakin ƙofa kamar kullum. Ba su samu komai ba.